Mun Kunna wa Gadonka Wuta

Sai da na kwana tara a birnin Gwanzu na ƙasar Chana kafin na gane ba baje koli aka kawo ni ba, cinikina ake yi ina tsaye. Har yau idan na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Ni Iro, baduku ɗan baduku jikan baduku, mutumin Daura mai furfura a gemu, wai ni aka ɗauko a jirgi aka mayar abin kallo.

Kuma wanda ya yi mini haka ba baƙo ba ne. Alhaji Tasi'u ne, ɗan unguwarmu, wanda muka yi karatu tare kafin ya kama fataucin Chana ya ajiye tumbi. Shi ya tako har rumfata ya ce ana taron masu sana'ar hannu na duniya, za a karrama dukancin Daura, amma sai na tafi da zanen gidanmu na asali don a gani da ido. Zanen gidanmu kuwa takardu ne guda arba'in da ɗaya a cikin wata tsohuwar gafaka. Mu a gidanmu ba a zana fata da ka. Takarda ake ninkewa a yanke da almakashi, a buɗe ta a shimfiɗa a kan jar fata, a bi ta da aska ana huda, sai fatar da aka sa a ƙasa ta leƙo ta ramukan. Da su muke yin tumtum da jaka da gafakar Alƙur'ani. Yawancinsu Baba ne ya yanka daga takardar buhun siminti, sauran na Kakana ne. Mafi tsufa shi ne wanda muke kira Kan Rijiya, zobe cikin zobe kamar ka leƙa rijiyar Kusugu, Kaka ya yanke shi a shuɗiyar takarda irin wadda ake naɗe sukari da ita a zamanin da.

Inna, mahaifiyata, ba ta so na ɗauke su ba. Yanar ido ta rufe mata gani shekara huɗu ke nan, amma ta san takardun nan da hannu fiye da yadda na san su da ido. Ta ce in ɗauki hotonsu in kai. Ta ce Tasi'u tun yana ƙarami idan ya ari abu ba ya dawo da shi yadda ya karɓa. Ni kuwa na ce mata, Inna ke ba ki san duniya ba. Haka na faɗa wa uwata, Allah ya yafe mini. Ta ce to in rantse zan dawo mata da su arba'in da ɗaya cif, na rantse.

Ran da muka sauka Alhaji ya karɓi gafakar, wai za a yi mata rajista. Washegari aka kai ni wani ɗaki mai fitilu, aka ce in sa babbar riga in riƙe aska, aka yi ta ɗaukata hoto, wani siriri mai tabarau yana nuna mini da yatsa in buɗe haƙora. Na buɗe. Daga nan shiru kake ji. Aka ajiye ni a wani ɗaki a hawa na goma sha huɗu, tagarsa tana kallon bango. Kullum na tambayi taro sai Alhaji ya ce gobe. Abinci farar shinkafa ba mai ba yaji, da wani kifi mai zaƙi kamar an jiƙa shi da sukari. Na yi kewar fura har na fara jin ƙanshinta a hanci. Idan na fita titi a yi ta ɗaga waya ana ɗaukata, akwai matar da ta goga yatsa a bayan hannuna ta duba ko baƙin zai fita. Duk na shanye, ina cewa baƙunta ce.

Abu ɗaya Alhaji ya yi mini mai kama da alheri, ya sa mini wata manhajar fassara a waya. Ka rubuta Hausa ta mayar da Sinanci, su rubuta nasu ta mayar maka da Hausa. Hausarta a karkace take, amma da ita nake sayen ruwa da burodi, don haka na yarda da ita.

A rana ta tara na gaji da gobe, na bi Alhaji a baya har ɗakin ajiyar kayansa. Ina shiga na yi turus. Tumtum ne na roba jibge har rufi, kowanne ɗauke da zanen Baba, an buga shi da inji, gefunansa duk sun dagule kamar an zana da yatsa. Na ɗaga ɗaya na juya. A ƙasa ga wata takarda manne, ga ni a jiki da babbar riga da aska, haƙora a waje.

Alhaji ko a jikinsa. Ya ce in kwantar da hankalina, wannan gwaji ne kawai daga hoton da aka ɗauka. Ya ce masu masana'anta sun ce takardun sun tsufa, bakinsu ya cinye, inji ba ya kama su da kyau, shi ya sa aka aika su arewa can wani ƙauye wajen wata tsohuwa mai yankan takarda, ta sake yanko su tas. Ya ce dukanci ya mutu ko ina so ko ba na so, shi taimakona yake yi, ga shi har fuskata za ta zaga duniya. Wallahi ban san lokacin da na shaƙe masa wuyan riga ba. Hularsa ta faɗi, ma'aikatansa suka yi cirko-cirko. Na ce masa maci amana, na ce uwata ta faɗa mini halinsa na ƙi ji. Da ya samu ya ƙwace, sai ya zaro takardar aiken daga aljihu ya jefo mini a ƙirji.

"Je ka karɓo in ka isa," in ji shi. "Ko sunan garin ba ka iya faɗa ba."

Gaskiyarsa, ban iya ba, har yau ma ban iya ba. Amma na tsinci takardar.

A tashar jirgin ƙasa na yi rabin yini ina nuna takardar nan taga bayan taga, ana tura ni gaba kamar akuyar da ba a san mai ita ba, kafin wata ma'aikaciya ta ji tausayina ta yanka mini tikiti. Kujera ce mai tauri, tafiyar ta fi kwana guda. Muna nausawa arewa sanyi yana ƙaruwa, ni kuwa rigata 'yar shara ce ta mutumin da aka ce masa taro za shi. Na kusa da ni suna ta cin abubuwan da ban san ko na me ba ne, ni ina tauna busasshen burodi. Duk tsawon hanyar lissafi ɗaya nake yi, abin da zan faɗa wa tsohuwar nan idan na gan ta. A raina ita da Alhaji da mai tabarau duk ɓarayi ne, bakinsu ɗaya.

A birnin da na sauka yunwa da sanyi suka kusa kayar da ni. Ina tafe a gefen titi sai na hango wani mutum da farar hula yana jan taliya da hannu, a saman ƙofarsa an rubuta bisimilla da Larabci. Na tsaya na yi masa sallama, ban ma sa rai ba. Ya ɗago ya amsa mini cikakkiya har da wa barakatuhu. Hawaye suka zubo mini a tsakiyar titi, kuma ban ji kunya ba. Ya zaunar da ni ya cika mini kwano da taliya da romon naman sa, ya kawo ruwan ɗumi na yi alwala na rama sallolina a bayan shagonsa. Da na nuna masa takardar aiken, ya ciro wata rigar sanyi mai auduga ya yafa mini, ya raka ni tashar mota da ƙafarsa, ya yi wa direba bayani mai tsawo yana nuna ni. Na sa hannu a aljihu ya ture hannun. Ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata.

Motar ta sauke ni da la'asar a wani ƙauye cikin tuddai masu ƙasa ruwan ɗorawa. An gama girbi, ga karan gero a gonaki, ga masara rataye a ƙofar gidaje, na ɗan ji kamar ina Sandamu da kaka, sai dai su gidajensu a cikin tudu ake haƙa su. Direba ya nuna mini wata ƙofa da tagogi cike da jar takarda. Ko a cikin fushin da nake ciki sai da idona ya tsaya. Kifaye ne da zakaru da damisa da furanni, an yanke su siriri kamar gashi, kuma babu inda ya tsinke. Na ce a raina, lallai ɓarauniyar ta iya.

Mata biyu suka fito. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, bayanta ya ranƙwafa, yatsunta sun karkace, da ɗan baƙin almakashi rataye a wuya. Ɗayar jikarta ce, sunanta Lan, malamar makaranta, za ta yi shekara talatin. Tsohuwar kuwa kowa Nainai yake ce mata, wato kaka. Ban gaishe su ba. Na zaro waya na rubuta, "Na zo karɓar gadona," na miƙa.

Lan ta karanta wa kakarta. Suka dubi juna, suka dube ni daga sama har ƙasa, ga ƙura ga rigar wani ga ido ja. Tsohuwar ta girgiza kai irin na tausayi. Amsar da waya ta ba ni ita ce, gado yana nan, in fara cin abinci tukuna. Na rubuta cewa ba abinci ya kawo ni ba, gadon ubana ne, su ba ni yanzu. Sai aka tambaye ni wai ko mahaifina ya taɓa kwana a garin. Raina ya ƙara ɓaci, na ce waɗannan rainin hankali suke ji. Na rubuta musu da ƙarfi har allon wayar yana ƙara, cewa mutum uku suka rayu a kan gadon nan, ni da ubana da kakana, kuma ba zan bar ƙofar nan ba sai da shi. Lan ta rufe baki da hannu. Amsa ta dawo cewa kada in damu, nasu gadon babba ne, yana ɗaukar mutum shida.

Daga nan Lan ta zaga baya ta dawo da rungumen kara ta shige ciki. Jim kaɗan na ga hayaƙi yana fita ta saman tudun. Ta fito tana murmushi ta miƙo mini wayar, na karanta: "Ka ɗan yi haƙuri. Mun kunna wa gadonka wuta."

Abin da na yi daga nan ba na alfahari da shi, amma ba zan ɓoye ba. Na ture ƙofa na faɗa cikin ɗakin mutane ba sallama ba izini. Ga wani dandamali na ƙasa da ya cinye rabin ɗakin, wuta tana ci a wani rami a ƙarƙashinsa, ban ko kula da shi ba. Abin da na gani shi ne igiya daga bango zuwa bango, an shanya takardun Baba a kai, sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Na fasa ihu. Na yi Allah ya isa da Hausa, na zagi Alhaji, na zagi tsohuwa, na zagi ƙasar gaba ɗaya. Na yi ƙafa da wani kwanon ruwa ya kife. Maƙwabta suka cika ƙofa, wani dattijo har da fartanya a hannu. Ni kuwa ina ta fizgo takardun daga igiya ina rungumewa, baƙin yana shafe mini riga.

Lan ce ta yi ƙarfin hali ta matso. Ta ɗago wayarta ta nuna mini hoto. Hoton gado ne, gadon kwana, da katifa da matashi. Ta nuna dandamalin nan mai wuta a ƙasa, ta nuna hoton, ta nuna ni.

Na yi mutuwar tsaye. Kai, wannan harshe namu! Gadon da uba ke mutuwa ya bari da gadon da ake kwanciya a kai, a baki kowane yaro ya san bambancinsu, amma a rubuce abu ɗaya ne, kuma shashashar manhajar nan na kwanciya kaɗai ta sani. Tun isowata matan nan abin da suke ji shi ne wani baƙo ya faɗo daga mota yana neman wurin kwana da faɗa. Su kuma a ƙasarsu saboda sanyi gadon ƙasa suke ginawa a hura masa wuta ta ƙasa, shi ne suka hura mini. Na zauna a bakin gadon na sake rubutawa a hankali: "Abin da ubana ya mutu ya bar mini. Takardun nan."

Da Lan ta karanta, tsohuwar ta nemi wuri ta zauna. Sannan bayani ya fara zuwa guntu-guntu ta waya. Ita ce mata aka yi tsofaffin samfura ne na masana'anta, ba na kowa ba. Baƙin kuma ba ƙonawa ba ce. Haka suke kwafar zane tun kakanninsu: a jiƙa tsohon yanka da ruwa, a manna shi a kan farar takarda, a kara a kan hayaƙin fitila har ko'ina ya yi baƙi, idan aka ɓare sai siffarsa ta fito fara. Ta jawo wani gwangwani daga lungu ta buɗe mini. Yankan uwarta ne da na kakarta, duk sun yi baƙi kamar gawayi saboda yawan kwafa. Ta ce a wajensu zanen da bai sha hayaƙi ba, ba wanda ya so shi.

Ni ba wannan ne a gabana ba. Na baje takarduna a kan gadon na ƙirga, arba'in. Na sake ƙirgawa, arba'in. Na zana zobe cikin zobe da yatsa a iska. Tsohuwar ta gane. Ta tashi ta ɗauko wani ɗan faranti ta ajiye a gabana da hannu biyu. Wani ɗan dunƙule ne shuɗi a ciki, bai fi ƙwallon dabino ba. Ta ce ruwa yana taɓa shi ya narke a hannunta.

Kada wani ya ce mini tsohuwa ba ta da laifi. Na sani, tun a lokacin ma na sani, amma na tsane ta a ranar kamar in mutu. Takardar da ta wuce shekarun ubana a gidanmu, ta tsira daga gara da gobara da damina, ta zo ta mutu a faranti a hannun matar da ba ta san sunan Daura ba. Na ƙi cin abincinsu. Babu motar komawa sai wayewar gari, dole na kwana a kan gadon da aka kunna wa wuta, kuma abin haushi tun da na bar gida ban yi barci mai daɗinsa ba.

Da safe na fito da buƙata ɗaya. Na rubuta cewa tunda ita ta lalata, kuma na ga hannunta, ta yanko mini wani. A raina na ce in shafa masa hayaƙi in cusa cikin sauran, Inna ba gani take yi ba. Tsohuwar ba ta yi musu ba. Ta ɗauki jar takarda ta ninke, almakashin ya shiga tafiya, takardar ce ke juyawa hannunta yana wuri ɗaya. Ko shayi bai huce ba ta buɗe. Kan Rijiya ne sak, har da 'yan haƙoran da ke zoben tsakiya, abin da ta gani yini ɗaya tak. Na miƙa hannu. Sai ta sunkuya ta jefa shi cikin wutar ƙarƙashin gado.

Na miƙe tsaye, Lan ta shiga tsakaninmu. Tsohuwar ko gezau. Ta sa aka tambaye ni shekara nawa na yi ina ɗora zanen nan a kan fata. Na ce talatin. Ta cire almakashin daga wuyanta ta ajiye a gabana da takarda, ta faɗi kalma ɗaya, waya ta ce, "Yanka."

Na ɗauka da fushi, na ce yau zan nuna wa matar nan ko ni ɗan waye. Na ninke huɗu, na ƙara ninkewa, na yanka na buɗe. Wani abu ya fito kamar faifan da ɓera ya ci. Na sake, zoben tsakiya ya faɗo ƙasa. Na sake. Tsohuwar tana zaune tana ɓare masara, ko kallona ba ta yi. A karo na biyar na ajiye almakashin, don gaskiyar da na yi shekara talatin ina kauce mata ta zo ta zauna a gabana. Ban taɓa yanka zane ko ɗaya da hannuna ba. Bi kawai nake yi. Na tuna ranar da Baba ya zaunar da ni a zaure ya ba ni almakashi da takardar siminti, ina saurayi ana jirana a dandali, na ce masa ai ga na Kaka nan, wahalar me zan yi. Ya mayar da almakashin cikin kwando, bai sake yi mini maganar ba har ya rasu.

Motar ranar ta tafi ba ni. Ta washegari ma haka.

Kwana shida na yi a gidan, kuma ba zan ce na ji daɗinsu ba. Matar nan ba ta da sauƙi ko kaɗan. Idan na riƙe almakashi yadda nake riƙe aska sai ta buge mini hannu da cokali, ni da furfurata. Idan na ɓata takarda ta ɗaga ta nuna wa maƙwabta su yi dariya. Ba ta sake yanka zanen a gabana ba, ko sau ɗaya. A rana ta uku, da ta ga zan haukace, ta karɓi takardar ta warware ninkina ta girgiza kai. Ta ɗaga yatsu biyar. Ashe ba ninki huɗu ba ne, biyar ne, sannan a rufe shi biyu. Ita a karayar shuɗiyar takardar ta karanta haka kafin ta jiƙa ta. Ni da na shafa karayar nan sau dubu ban taɓa ƙirga ta ba. Na ji haushin kaina fiye da yadda na ji na Alhaji.

Amma ita ɗin ce dai ta aika aka sayo sabuwar tukunya don a riƙa dafa mini ƙwai da taliya daban, da Lan ta gaya mata abin da ba na ci. Ita ce kuma da ta ga ina neman bangon da ba hoton dabba in yi salla, ta ɓare damisarta da kanta daga bangon yamma, wanda a can shi ne alƙibla, ba ta mayar ba har na tafi. Lan ta ce tun tana shekara shida take yanka, uwarta ta koya mata, ita ma da bugun hannu. Ta ce manya suna zuwa daga birni su ɗauki hotonta su ba ta takardar yabo, amma a kasuwar garin na inji ake saye, kuma a jikokinta babu wanda ya zauna ya koya, har ita Lan ɗin. Da ta faɗi haka sai ta sunkuyar da kai. Na ce mata ta zauna tun tsohuwa tana da rai, na faɗa da zafi kamar ƙanwata ce.

A rana ta shida da hantsi na ninke biyar na rufe, na yanka, na buɗe. Zobba suka tsaya, haƙoran tsakiya suka fito, sai dai ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri. Tsohuwar ta ɗaga shi a hasken taga ta daɗe tana dubawa, ta taɓa mai kaurin da farce ta harare ni. Na zuba wa ramin wuta ido. Sai ta ninke shi ta miƙo mini.

Ta haɗa mini takarduna arba'in, da duk kwafin hayaƙin da ta yi, da waɗanda ta riga ta yanka wa masana'anta, ta ce Lan ta rubuta musu su nemi wani. Ni kuma na farke alaben da ke aljihuna, na jar fatar Daura, na ɗinka wa almakashinta kube. Ta juya shi ta duba ɗinkin ciki da waje, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Iyakar yabon da na samu a wajenta ke nan.

Na koma Gwanzu don tikitina yana hannun Alhaji. Jirgi ɗaya muka hau, kujera kusa da kujera, ban ce masa uffan ba har Kano. Kuma kada ku ɗauka na ci nasara a kansa. Hoton da ya ɗauka tun farko ya ishe shi. Robobin nan yanzu haka suna kasuwar Mai'adua ana loda su a babura zuwa Nijar, da dagulallen zanen Baba a sama da haƙorana a ƙasa. Akwai wanda ya zo rumfata da guda ɗaya yana yi mini murna wai na yi suna. Idan mun haɗu da Alhaji a masallaci ina amsa sallamarsa don wajibi ce, daga nan ba ƙari.

Ran da na iso gida ban ko cire takalmi da kyau ba Inna ta ce in kawo. Tana zaune a bakin gadonta, na durƙusa na ɗora mata gafakar a cinya. Ta buɗe ta kai hanci, ta ce hayaƙin me take ji. Na ce zan yi bayani. Ta shiga zaro su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, tana kiran sunan kowanne a hankali, baƙi yana kama mata yatsu ba ta sani ba. Na sa jan a ƙarshe, ban shafa masa hayaƙi ba. Da ta zo kansa hannunta ya tsaya. Ta bi zobban da yatsa, ta zo kan haƙori mai kauri ta tsaya.

"Wannan ba hannun Kakanka ba ne."

Na ce a'a, ba nasa ba ne. Na ciro ɗan dunƙulen shuɗin daga aljihu na sa mata a tafin hannu, na faɗa mata komai, har abin da na so in yi na yaudararta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta murza dunƙulen a hankali, ta ƙulle shi a haɓar zaninta. Sannan ta tambayi wanda ya yanka jan. Na ce ni ne. Ta ce ninki nawa. Na ce biyar, sannan a rufe biyu.

Ta sake bin zobban da yatsa.

"Ubanka ya ajiye maka takardar siminti a ƙasan kwandonsa har ya mutu," in ji ta. "Ya ce wata rana za ka tambaya."

Ta miƙo mini jan ta ce wannan nawa ne, in riƙe. Sauran arba'in ɗin ta mayar cikin gafaka ta ɗaure, ta sunkuya ta tura ta can ƙarƙashin gadonta. Na ce Inna da me zan yi aiki gobe, akwai tumtum biyu da ake jira. Ta ce kwandon yana zaure inda ya bar shi.